Ranar da Muka Share wa 'Yan Talabijin Layi

Layinmu a Gyadi-Gyadi gangare ne. In ka shigo daga babban titi da rani ba za ka lura ba, sai an yi ruwa kake gane inda ƙasa ta karkata. Duk abin da sama ta zubar, da wanda kwatocin gidaje suka amayar, gida ɗaya yake nufa, na can ƙarshe mai koriyar ƙofa, wato gidan Mama. A bakin gidan akwai kwalbatin da aka yi don ya wuce da ruwan ta ƙarƙashin titi, amma tun shekarar da wata tifar yashi ta taka shi ya rufta. Daga nan ruwa in ya gangaro sai ya tsaya ya taru, in ya rasa hanya ya juya ya shiga gidanta.

Mama 'yar Kudancin Kaduna ce, tsohuwar shugabar makarantar firamare. Ita da mijinta, wanda ma'aikacin gwamnati ne, suka gina gidan tun ana noma dawa a bayan layin. Rabin magidantan unguwar sun bi ta hannunta, shi ya sa har yau in ta ɗaga murya za ka ga mai gemu ya gyara tsayuwa. Ni nas ce a asibitin koyarwa, gidana yana ɗan sama da nata, kuma tun ranar da na tare take kirana Sista. Ita ta koya mini miyar karkashi irin ta mutanensu, ni nake auna mata jini ina yi mata faɗa a kan gishiri.

Bayan rasuwar mijinta 'ya'yanta suka matsa mata ta sayar da gidan ta koma wajensu. Babban, wanda ke aiki a Jos, shi ya fi kowa naci. Ta ce musu ba inda za ta je, a nan ta yi ƙuruciyarta, a nan cocinta yake, a nan take da masu gaishe ta da safe. Sai dai ta san ranar da suka ji labarin ruwan nan magana ta ƙare, don haka ta ɓoye musu. In za su yi waya ta bidiyo, akwai kusurwa ɗaya a falonta mai sabon fenti, nan take jan kujera ta zauna. A wannan shekarar kuwa katangar ɗakin kwananta ta tsage daga ƙasa, magini ya duba ya ce in marka ta same ta a haka ba za ta kai labari ba. In katangar ta faɗi, Mama ta bar Kano ke nan.

Mun yi ta zarya ofis-ofis, ana ba mu kujera ana ce mana ana duba lamarin. Dabara ta zo mini ne a gaban talabijin. A gidanmu ba a wasa da labaran tashar gari. Maigidana na dawowa daga sallar Magariba zai karɓe rimot, kowa ya yi shiru. Ba don labaran suna da zafi ba. Yawanci ziyarar ban girma ce, da taron bita, da bikin yaye ɗalibai, manya a jere cikin manyan riguna ana ta jawabi, sai farashin tumatir da albasa, sai sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa. Mutum yana kallo ne ko zai hango wani nasa a layin baya yana hamma. Amma wata rana aka nuna wata bola a Unguwar Gano da ta cinye rabin hanya, ƙudaje har suna sauka a kan kyamara. Ba a daɗe ba na bi ta wurin a adaidaita sahu na ga motoci suna kwashe ta. Nan na gane masu iko sun saba da kuka, ba ya hana su barci, amma har yanzu suna jin kunya.

Akwai wata 'yar jarida a tashar, siririya mai gilashi, da na taɓa jinyar mahaifiyarta a ɗakinmu na mata. Na kira ta na zayyana mata komai, ta ce ranar Asabar za su zo. Allah Ya taimake ni aka yi ruwa mai ƙarfi kafin ranar. Layin ya caɓe, ledoji suka toshe kwata, koren ruwa ya kwanta a ƙofar Mama yana wari. Ban taɓa murna da ƙazanta ba sai wannan karon. Da yake ba a kawo baƙi unguwa ba da sanin mai unguwa ba, na je na durƙusa na gaishe shi, na ce 'yan talabijin za su zo su ga halin da muke ciki. Ya ce madalla, Allah Ya yi mini albarka, in bar komai a hannunsa. Ranar Asabar ɗin ina da aikin safe, na tafi asibiti hankalina kwance.

Da na dawo wajen azahar sai da mai adaidaita ya wuce layinmu, don ni kaina ban gane shi ba. An share shi tas, an yayyafa ruwa don ƙura. Ashe ina fita matasa suka fito da shebur da manjagara da baro, suka yashe kwata, suka kwashe taɓon, suka ɗebe koren ruwan nan da bokitai. An zuba sabon yashi a ƙofar Mama. An kafa rumfa daidai kan kwalbatin da ya rufta, an shimfiɗa darduma a kai, an jera kujerun roba. Wani Alhaji maƙwabcinmu mai sayar da kayan mota ya wanke motarsa ya ajiye ta jikin katangar da ta tsage, har tsagar ba ta ganuwa. Mata sun ci leshi da atamfa, ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga kowane soro, ga zoɓo da kunun aya a kula. Mama tana zaune a gaba cikin ankon zumuntar matan cocinsu, ta kafa ɗaurin kallabi kamar ranar Kirsimeti.

Raina ya ɓaci. Na ja matar mai unguwa gefe na tambaye ta wa ya sa su wannan aiki. Ta dube ni da mamaki na gaske.

"Haba Sista. Baƙi za su zo, duk Kano za ta gan mu, sai mu bari a ce mutanen Gyadi-Gyadi ƙazamai ne?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya yi don mugunta. Haka aka raine mu. Baƙonka annabinka, ba a nuna masa inda ɗaki yake yoyo. Na san halin nan tun a asibiti. Mutum zai kwana yana murƙususu, amma kafin ya zo ganin likita sai ya yi wanka ya fesa turare, a tambaye shi ya jiki ya ce da sauƙi. Mun sha rasa mutane da wannan da sauƙin a bakinsu.

Haka kuwa aka yi da aka kunna kyamara. Mai unguwa ya gyara babbar rigarsa ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma, ya gode wa tashar, ya yaba wa matasa. Liman ya ce tsafta cikon addini ce. Da aka miƙa wa Mama abin magana na matso kusa ina yi mata ido, amma ta kau da kai. Ta ce sun gode wa Allah, suna zaman lafiya da maƙwabta, sai dai ɗan ruwa da ke damun su lokaci-lokaci. Ɗan ruwa! Na kutsa na ce a ɗaga darduma a ga kwalbatin, a janye motar a ga katanga. Mai unguwa ya yi murmushi ya ce Sista a bari baƙi su sha ruwa tukuna. Kafin a gama shan zoɓo mai ɗaukar hoto ya naɗe wayoyinsa, don suna da wani taro a Tarauni.

Da yamma falona ya cika, saboda ni ke da sola. Can wajen ƙarshen labarai sai ga mu. Mai karanta labarai ta ce al'ummar wani layi a Gyadi-Gyadi sun zama abin koyi wajen taimakon kai da kai, sun magance matsalar ambaliya ta hanyar aikin gayya ba tare da jiran gwamnati ba. Aka nuna matasa riƙe da shebur suna dariya, aka nuna rumfa, aka nuna motar Alhaji tana sheƙi. Aka rufe da wani jami'i yana kira ga sauran unguwanni da su yi koyi da mu. Falon ya kaure da shewa, kowa yana nuna kansa. Alhaji ya ce a ƙara murya. Ni dai na tashi na shige kicin, don in na buɗe baki a lokacin zumunci zai lalace. Garin neman gira mun rasa ido, kuma muna tafi.

Washegari na kira 'yar jaridar da niyyar yi mata tas. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce ita ma ta ji takaici, amma editansu hoto yake kallo, kuma kyamara ba ta ɗaukar abin da aka riga aka share. Gaskiyarta ce kuwa.

Bayan an taso daga coci na shiga wajen Mama. Na same ta tana fara'a. Wani ya tura wa ɗanta na Jos bidiyon labaran, ya kira yana ta jin daɗi, wai ashe unguwar ta yi kyau haka. A nan na gane ita ba kuskure ta yi a gaban kyamara ba, da saninta ta ce ɗan ruwa. Na kama hannunta na kai ta ɗakin kwananta, na zura yatsuna cikin tsagar katangar har suka shige. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ko ta nuna wa Kano wannan tsagar, ko kuma tsagar ta nuna kanta ranar da ba mu shirya ba.

Ta zauna bakin gado.

"Sista, in na nuna, yaron nan zai gani. In ya gani zai zo da mota. Ke kin san shi, kan ubansa ne da shi."

Na ce in ba ta nuna ba ma zai zo da motar, sai dai wataƙila ya zo ɗaukar gawa. Magana ce mai nauyi, na kuma faɗe ta ne don ina ƙaunarta. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Na fita, ban kuma sake tayar da zancen ba. Gidanta ne, asirinta ne, ba ni da ikon kai kyamara ɗakin da mai shi ba ta buɗe ba. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu, ko jininta ba ta kawo na auna ba.

Sai marka ta kama. Wata safiya ruwa ya tsuge tun ana karin kumallo, bai tsagaita ba har hantsi. Sabon yashin da aka zuba ranar baƙi shi ya fara tafiya, ya je ya ƙara toshe bakin kwalbatin. Ina hutu ranar, ina tsane tsakar gida, na ji ana buga ƙofa. Mama ce, ba lema, zaninta ya jiƙe har gwiwa, kanta ba kallabi. Tunda nake ban taɓa ganin furfurarta a waje ba. Ta ce wani ɓangare na katangar ya zube daga ƙasa, tana kwance tana hango titi.

"Ki kira yarinyar nan mai gilashi. Amma kada ki gaya wa mai unguwa."

Motar tashar ta fita aiki, don haka a adaidaita suka zo, mai ɗaukar hoton ya naɗe kyamararsa cikin leda. Duk da ban gaya wa kowa ba, kafin su sauka labari ya zaga layin. Abin dariya abin haushi, sai ga mata suna fitowa da tsintsiya a cikin wannan ruwan. Na tsaya tsakiyar layi na karɓe su ɗaya bayan ɗaya, na rungume su a hammata kamar mai tallar tsintsiya a kasuwar Tarauni. Na ce duk wadda ta koma gida don ta sauya zani, ni da ita ne. Alhaji ya fito da makullin mota, na ce ya mayar aljihu. Mai unguwa ya iso cikin jallabiyar zaman gida da silifas, ya hango kyamara, ya juya zai koma ya sako babbar riga. Mama ce ta tsayar da shi, da muryar nan tata ta makaranta. Ta ce ranka ya daɗe, yau a haka ake son ka. Ya tsaya ya dubi ruwan, ya dubi katangar, sai ya tuɓe silifas ɗin ya naɗe wandonsa.

A bakin ƙofarta Mama ta sunkuya ta ɗauki tata tsintsiyar, ba ta ma san ta ɗauka ba. Ta kalle ta a hannunta, ta kalli 'yar jaridar, sannan ta miƙo mini. Ta tura ƙofar ta ce su shigo.

Ta nuna musu komai. Ruwa ya kai ƙwauri a falo, takalma da kwanuka suna yawo. Katifarta ta sha ruwa, an jingine ta da bango. Littafi Mai Tsarki da hoton mijinta suna can saman kwaba, inda take ɗora su duk damina. Ta nuna musu shacin da ruwan kowace shekara ya bari a bango, ɗaya bisa ɗaya, ta kuma nuna kusurwar nan mai sabon fenti, ta faɗi dalilin da ya sa ita kaɗai aka yi wa fentin. Ta yi magana a tsaye, ba kuka ba roƙo. Ta ce ta koyar da 'ya'yan garin nan har ta yi ritaya, ba sadaka take nema ba, kwalbati take so a gyara. Ta ce abin da ta faɗa a wancan karon ba gaskiya ba ne, kunya ce. Tana cikin magana mutane suka fara shigowa da bokitai. Ba wanda ya shirya hakan, kwasar ruwa kawai suka zo yi kamar yadda suka saba.

Wannan karon da mu aka buɗe labarai. Falona ya cika kamar da, amma ba wanda ya yi shewa. Matar mai unguwa ta ga kanta da tsohon hijabi da bokitin fenti a hannu, ta rufe fuska. Ni kuma an nuna ni rungume da tsintsiyoyi ina zare ido, abin da har yau abokan aikina suke tsokanata da shi. Ba a ɗauki lokaci ba wasu mutane masu hular kwano suka zo suka yi aune-aune, daga baya aka sauke manyan zobban siminti a bakin titi. Aikin bai ƙare ba sai bayan damina, amma sun haƙa wa ruwan hanyar wucin gadi, mu kuma muka tare katangar da buhunan yashi.

Abin da Mama ta ji tsoro bai fasa zuwa ba. Ɗanta ya iso daga Jos da motar ɗaukar kaya da direba. Ina gidan lokacin, ina auna mata jini, don ta dawo da kawo mini hannunta. Ya gaishe mu a gurguje, idonsa ja. Ya shiga ɗakin ya ga ramin katangar, ya fito da waya a hannu yana kunna bidiyon. Ya ce shekara da shekaru tana kwana cikin ruwa tana yi masa dariya a waya, yanzu duk duniya ta ga uwarsa a wulaƙance, ana tambayarsa a wajen aiki ko ba ta da 'ya'ya ne. Ya ce ta haɗa kayanta. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne da kunya suka haɗe masa.

Mama ta bari ya gama. Ta ce ya zauna, ya zauna.

"Na ɓoye maka, ban kyauta ba. Amma ka sake kunna abin nan. Ka daina kallona, ka kalli bayana."

Ya kunna. Na leƙa ta kafaɗarsa muka kalla tare. A bayanta ga liman da bokiti a kowane hannu, ga mai unguwa ba takalmi yana miƙa wa na gaba, ga Alhaji ya ɗora katifarta a ka, ga matan layi a jere har waje. Ya mayar baya ya sake kallo. Ya tambaye ni wane ne dattijon nan mai naɗaɗɗen wando, na gaya masa. Ya ce ai shi ne wanda ya taɓa kai shi asibiti a babur yana yaro, lokacin da ya faɗo daga mangwaro. Daga nan ya fita waje, na hango shi yana tsaye gaban katangar tare da direbansa.

Can sai muka ji motar ta tashi. Mama ta miƙe ta leƙa ta taga, ba ko tsinke nata a ciki. Ba a jima ba motar ta dawo daga wajen masu buga bulo na Tarauni, an loda ta har sama, matasan layi suka fito suna saukewa. Ɗan nata ya tuɓe riga ya shiga cikinsu.

Mama ta koma ta zauna. Ta share idonta da bakin zani, ta ƙare wa falon kallo, da taɓon da ya bushe a ƙasa da sawun mutane ko'ina. Sannan ta juyo gare ni.

"Sista, tsintsiyata tana wajenki. Ki kawo mini, ina da baƙo."